Faifan ƙaho da ganga da ya ɗauki kyautar Mercury

Jama'a, a watan Satumba na 2023 aka ba wasu samari biyar 'yan Landan kyautar Mercury, wadda ake bai wa faifan da ya fi fice a Birtaniya da Ailan kowace shekara. Sunan ƙungiyarsu Ezra Collective, faifan kuma Where I'm Meant to Be, wato inda ya dace in kasance. Tun da aka fara ba da kyautar a 1992 makaɗan jaz ba su taɓa ɗaukarta ba sai su. Masu sharhi sun yi ta zuba yabo. To, yabon ya yi daidai da kayan, ko dai cika baki ne? Ni a ganina ya yi daidai, amma da 'yar magana.

Faifan ya fito a Nuwamba 2022 a hannun Partisan Records, kamfani mai zaman kansa. Jagoransu Femi Koleoso ne, mai ganga, ƙanensa TJ na riƙe da jita mai kaurin murya. Iyayensu 'yan Najeriya ne. Ife Ogunjobi da James Mollison su ke busa ƙahonni biyu, Joe Armon-Jones kuma yana kan fiyano.

Ƙarfin faifan nan yana wurin masu busa. Wanda ya taɓa tsayawa ya ji algaita na amsa wa ganga zai gane abin nan take. Ƙahonnin biyu sukan ɗauko amo ɗaya tare, su maimaita shi har ya zauna maka a kunne, sannan ɗaya ya ware ya tafi yawonsa, ɗan'uwan ya tsare masa gida har ya dawo. Asalin jaz ke nan: kowa na da 'yancin ƙirƙira a take, amma ba ya mance inda ya baro 'yan'uwansa. Ka saurari "Victory Dance", wanda aka ɗora a kan salon kiɗan Kuba, ka ji yadda ƙaho ke hawa yana sauka, mai ganga kuwa ko gezau.

Abu na biyu, ba su tsaya a salo ɗaya ba. "Ego Killah" kiɗan Jamaika ne mai nauyi, jita ce ke jan ragama. "Welcome to My World" kuwa, mu da muke zaune a kudu mun san ƙamshinsa, Afrobeat ne irin na Fela. A farkon "No Confusion" an sa muryar marigayi Tony Allen, makaɗin gangar Fela da ya rasu a Faris a 2020, wanda Femi ya ɗauki darasi a wurinsa. Haɗa waɗannan a tukunya ɗaya ba ƙaramin ganganci ba ne, da yawa sun gwada miyar ta tsinke. Abin da ya riƙe tasu shi ne hannun 'yan'uwan nan biyu: ko ina kiɗan ya nufa, ganga da jita ba sa rabuwa.

Yanzu ga 'yar maganar. Waƙoƙi 14 ne, kuma ba duka ne suka yi nauyi ɗaya ba. "Siesta", inda Emeli Sandé ta rera, tana da daɗi, sai dai ta yi laushi, ƙahonnin sun koma baya kamar 'yan rakiya. Akwai kuma wurare biyu da aka tsayar da kiɗa aka sa magana zalla da Turanci. Wanda ba ya jin harshen, nan hankalinsa zai tafi. Da an rage waɗannan, da faifan ya fi ɗaurewa.

Sunan faifan ma abin dubawa ne. Yaran da aka haifa a ƙasar da ba ta kakanninsu ba, kullum ana tambayarsu ina ne gida. Mu nan unguwa mun san wannan tambaya, 'ya'yanmu ma suna shan ta. Waɗannan samari ba su zaɓi Legas sun bar Landan ba, ba su kuma zaɓi Landan sun bar Legas ba. Sun ɗauki abin da suka gada da abin da suka tarar, suka yi nasu.

Kuma ba daga sama suka faɗo ba. A Tomorrow's Warriors suka haɗu suna yara, shirin koyar da matasa jaz da Gary Crosby yake cikin waɗanda suka kafa. Daren da suka karɓi kyautar, Femi ya jingina nasarar ga masu ba da lokacinsu suna koyar da yara. Manyan unguwa, wannan ko ba kiɗa ba, kowace sana'a haka take.

Mai son gwadawa ya fara da "Victory Dance", ya bi da "No Confusion". In waɗannan biyu ba su kama ka ba, sauran ma ba za su kama ka ba.