Sunan Aiki da Umurtau a Ajin Ingilishi: Sharhi Daga Iyakar Bagudo

Akwai wani babi a littattafan koyar da Ingilishi na sakandare wanda mawallafa suka saba bi da shi ta hanya guda. Babin shi ne na zaɓi tsakanin siga mai to a gabanta, kamar to go, da siga mai ƙarewa da -ing, kamar going. Sai a jera aikatau sahu biyu, a ce want da hope da decide na sigar farko ne, enjoy da avoid da finish kuwa na ta biyu, sannan a umurci ɗalibi ya haddace. A ganina wannan hanya ta dace ne da yaron da bai zo aji da wani harshe ba. Babu irin wannan yaro, balle a Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, inda ɗalibi daga Illo ko Ka'oje ko Lolo yakan zo da Hausa a bakinsa, sau da yawa tare da Fulatanci ko Zabarmanci ko Busanci.

Bahaushe ya riga ya san wani zaɓi mai kama da wannan. A duba waɗannan jimloli:

1. Ina so in tafi.
2. Ina son tafiya.

A ta farko an yi amfani da umurtau, tafiyar kuwa ba ta auku ba, tana nan a zuci. A ta biyu sunan aiki ne, watau an ɗauki tafiya tamkar wani abu sananne da ake so, kamar yadda ake son fura, ko da yake a wani muhallin takan ɗauki ma'anar ta farko. Tun a 1968 Dwight Bolinger ya nuna cewa sigar to ta fi karkata ga abin da ake hasashe, sigar -ing kuma ga abin da aka ɗauka tabbatacce. Ashe abin da masanin ya tono a Ingilishi yana nan a bakin yaron Illo. Malamin da ya rubuta he stopped smoking da he stopped to smoke a allo ba ya bukatar dogon bayani. Ya ce ya daina shan taba, ya kuma ce ya tsaya don ya sha taba, aji ya gane nan take.

A nan ma ɗan Bagudo ya fi ɗan Kano sa'a. A daidaitacciyar Hausa, ya ta umurtau da ya ta shuɗaɗɗen lokaci rubutunsu ɗaya ne, tsawon wasali da karin sauti ne suka raba su, su kuwa ba a nuna su a rubutu. A Hausar yamma cewa ake yi ina so shi tahi, sannan a ce ya tahi. Bambancin a fili yake, kuma abin takaici ne a ce malami yana gyara wa yaro wannan shi a ajin Hausa da safe, sannan ya rasa abin da zai yi masa bayani da shi a ajin Ingilishi da hantsi.

To, amma fa kada a zaci kwatancin ya tafi sumul. Muna cewa ya ƙi zuwa, ya kasa zuwa, ya yi alkawarin zuwa, duk da sunan aiki, alhali Ingilishi to come yake bukata bayan refuse da fail da promise. Haka kuma akwai akasin wannan. Bayan maimakon da kafin Hausa umurtau take kawowa: maimakon ya zo, kafin ya tafi. Ingilishi kuwa bayan irin waɗannan kalmomi -ing yake so, instead of coming, before going. Wanda ya taɓa duba takardun jarrabawa ya san instead of him to come. Ba zan ɗora wa Hausa laifinta ita kaɗai ba, domin ana jin ta a duk faɗin Nijeriya, amma maimakon ya zo tana ƙara mata gindin zama a wurin ɗalibanmu. Waɗannan wurare da harsunan biyu suka saɓa su ne suka cancanci hadda, kuma ba su kai rabin jerin da ake tilasta wa yara ba.

Wani kuskure, wanda namu ne mu malaman Hausa, shi ne fassara sigar -ing da sunan aiki kai tsaye, kamar magana ta ƙare. Rabe-raben aikatau da F. W. Parsons ya yi a 1960 sun isa su sa mu yi hattara. Muna cewa tana dafawa, amma in karɓau ya biyo sai -wa ta faɗi, a ce tana dafa shinkafa. A giredi na 2 kuwa madanganci ne yake shigowa: yana sayen gero. Paul Newman, a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000, bai ɗauki irin su dafa shinkafa a matsayin sunan aiki ba. Ya ba su sunan da ake kiran sigar to da shi a nahawun Ingilishi. Duk da haka ta gama dafa shinkafa sai da cooking take fassaruwa. Ke nan ma'ana ce za ta yi wa ɗalibi jagora, ƙirar kalma ba za ta kai shi ba.

Wanda ya ƙetara daga Tsamiya zuwa Segbana a Jamhuriyar Benin zai tarar da yara masu irin waɗannan harsuna na gida suna karatu da Faransanci, kuma nasu ciwon kan daban ne. Faransanci yana cewa avant de partir, au lieu de venir, arrêter de fumer, duk da siga guda, wadda take daidai da sigar to. Sigar en riant kuwa, wadda sunanta a nahawun Faransanci ya yi kama da na -ing har yakan ruɗi malamai, aikinta shi ne nuna hali, kamar yadda muke cewa ya shigo yana dariya. Saboda haka yaron da ya fara makaranta a can ya dawo wajen danginsa a Bagudo, in aka ji ya ce before to go, Faransanci ne ya yi magana a bakinsa. Abokin zamansa a benci da ya ce he refused coming kuwa Hausa ce ta ja shi. Jan alƙalami ɗaya ake yi musu, a kuma mayar da su ga jeri ɗaya su sake haddacewa.