Jinjina ga Likitan da Ke Tambaya: "Aji Nawa Yake?"

Yaro ya tashi daga ciwon sanƙarau, jiki ya yi sauƙi, amma kunne ya tafi. Uwa ta yi hamdala, tana naɗe tabarma. Likitan kirki kuwa bai sallame su ba tukuna. Yakan zagaya bayan yaron ya tafa hannu, ya ga ko zai waiwayo, sannan ya dubi uwar: "Mama, aji nawa yake?"

Irin waɗannan likitoci na Jalingo, a Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na jiha, su ake yi wa jinjina. Sun san ƙyanda, sanƙarau da shawarar jarirai na barin tabo, sun kuma san kurma yana karatu da yaren hannu, makaho da rubutun Braille. 'Yar takardar da sukan rubuta wa hedimasta, cewa a zaunar da yaron a bencin gaba kusa da allo, ba ƙaramin aiki take yi ba.

Dokar kare masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su damar karatu kyauta har sakandare. Iyaye da yawa ba su taɓa jin labarinta ba.

Likitocin Taraba, a ci gaba da yin wannan tambaya kafin a rufe kati.