Iska ce mai jan ragamar littafin: «Sur l'eau» na Maupassant

Mu malamai mun saba gabatar wa ɗalibai Guy de Maupassant ta gajerun labaransa, mun bar «Sur l'eau» na 1888 yana shan ƙura. Littafin labarin tafiyar kwanaki kaɗan ne a watan Afrilu, cikin Bel-Ami, jirginsa mai tafiya da iska, a bakin Bahar Rum daga Antibes zuwa Saint-Tropez.

Masu kushe shi suna cewa ba shi da kai ba shi da gindi: marubucin ya tattaro tsofaffin rubuce-rubucensa na jarida, ya jera su kamar abin da ya rubuta kullum a jirgi. Zargin gaskiya ne, amma bai kai ga zuciyar aikin ba. Yanayi ne ya tsara littafin. Idan iska ta yi daɗi, jimlolin sukan miƙe, ido ya sha kallon duwatsu da ruwa. Idan ta murtuke, jirgi ya fake a gaɓa, sai tunani ya juya ciki: ƙyamar yaƙi, tsoron mutuwa, gudun taron jama'a. Matuƙinsa Bernard, mai yawan zargin sararin sama, ya fi kowa rai a littafin.

Rauninsa shi ne wasu tsokacin sun yi tsawo har mai karatu ya manta da teku. Duk da haka ya cancanci aji. Ɗalibin Tahoua bai taɓa ganin teku ba, amma ya san zaman jiran hadari, kuma a nan zai ga yadda jira ke zama adabi.