Doki da mahayi: tsokaci a kan likitan wasan Equus

A wasan kwaikwayon Equus na Peter Shaffer (1973), an kai wa likitan ƙwaƙwalwa Martin Dysart wani yaro, Alan Strang, ɗan shekara 17, wanda ya tsiyaye idanun dawaki 6. Yaron ya mai da doki abin bautarsa. Abin takaici, likitan kansa ya fi saurare: yana ƙyashin ƙarfin imanin yaron, ya yaudare shi da ƙwayar banza wai ta sa faɗin gaskiya, daga bisani ya yi alkawarin raba shi da abin bautar, alhali ya san fanko zai bar shi.

Mu kwatanta da kalmomin bori a kwarin Maraɗi, waɗanda Jacqueline Monfouga-Nicolas ta nazarta a littafinta na 1972. A Tsibiri ko Jiratawa, mutum ne doki ko goɗiya, iska ce ke hawa. Girka ba ta korar iska: tana gano sunanta, ta sulhunta ta da majinyaci, ta sama masa wuri cikin jama'a.

Ba mu ce girka ce maganin Alan ba. Sai dai Dysart fi'ili ɗaya ya sani, wato cire, kuma a kan yaron ƙarancin kalmomin nasa ya ƙare.