Masu Sauraron Faifai da Ido

Gwanin sayen faifan garmaho ba da kunne yake farawa ba. In ka miƙa masa tsohon faifai, zare shi zai yi daga kwali, ya jingina bakinsa a tafin hannu, ya tokare takardar tsakiya da yatsa, don kada gumin hannu ya taɓa inda waƙar take. Sai ya matsa bakin ƙofa ya karkata shi ga haske, yana juyawa sannu a hankali. Kafin minti ɗaya ya cika, ya riga ya san galibin abin da allura za ta gaya masa daga baya.

Me yake gani? Kowace fuskar faifai siririn kwari ɗaya ne tal, wanda ya naɗe daga baki har tsakiya, kuma a jikin bangonsa aka sassaƙa sautin. Duk abin da ya taɓa kwarin nan ya taɓa waƙar. Amma ba kowane zane ne abin tsoro ba. Akwai na sama-sama, wanda gogar takarda ta bari, ido na gani amma allura ba ta ji. Gwani kan shafa wurin da kan yatsa: in ya ji tudu ko rami, to kunne ma zai ji ƙas, ƙas, a kowane zagaye. Zanen da ya ratsa kwarin a gicciye da sauƙi. Wanda ya kwanta kusan daidai da shi shi ne mugu, domin shi ke sa allura tsalle, ko ta tsaya tana maimaita kalma ɗaya kamar ɗalibin da hadda ta kakare masa.

Akwai kuma ciwon da sabon shiga ba ya lura da shi sam. Faifai ya yi sumul, ba zane ko ɗaya, amma baƙinsa ya koma toka-toka. Wannan aikin dakusasshiyar allura ce da ta yi shekaru tana cin bangon kwarin, kuma babu wankin da ke maganinsa. Gwani kan dubi gefen hudar tsakiya ma. Ƙananan tabban da ke wurin na nuna sau nawa aka yi ta laluben sandar injin, wato yadda faifan ya sha aiki. Daga nan ya ɗaga shi daidai ido ya ga ko zafi ya lanƙwasa shi.

Inda abin ya fi burge ni shi ne ɗan filin nan mai santsi tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya. A nan ake karce lambobi da haruffa na ainihin ƙarfen da aka buga faifan da shi, wani lokaci har da alamar wanda ya yanka shi. Faifai biyu na iya zuwa da kwali iri ɗaya, hoto iri ɗaya, amma lambar ta tona cewa ɗaya bugun farko ne, ɗayan kuwa an sake shi bayan shekaru. Tazarar kuɗinsu na iya zama mai yawa ƙwarai. Yau ana duba irin wannan a shafin Discogs, wanda aka kafa a 2000, inda masu saye da sayarwa ke auna lafiyar faifai da alamomi irin su NM da VG+ da G. Tsofaffin hannu kuwa a ka suke riƙe da lambobin.

Dole kuma mutum ya san me ke hannunsa. Babban faifai mai juyi 33 da sulusi a minti kamfanin Columbia ne ya fito da shi a Amurka a 1948, ƙaramin mai juyi 45 kuma RCA Victor a 1949. Wanda ya gabace su, mai juyi 78, ba roba ba ne; nauyi gare shi, yana faɗuwa ya tarwatse, kuma sinadarin wanki mai barasa narkar da shi yake yi. Allurar ƙarfe ta tsohuwar garmaho kuwa, sau ɗaya za ta bi ta kan faifan roba ta gama da shi.

A nan yankinmu aikin ya fi wuya. Kamfanoni irin su EMI da Decca sun yi harka sosai a Legas, kuma muryoyin su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos sun hau faifai. To amma rufin kwano da zafin bazara, ƙurar hunturu, ga gara da ke cin kwali, ba su bar da yawa da lafiya ba. Shi ya sa samun mai kyau ke buƙatar ƙafa da haƙuri: tsoffin shagunan kiɗa, 'yan gwanjo, akwatin da wani dattijo ya tura ƙarƙashin gado tun zuwan kaset. Da irin wannan yawon Miles Cleret ya haɗa tarin waƙoƙi mai suna Ghana Soundz a 2002, Samy Ben Redjeb na kamfanin Analog Africa ya sake fito da waƙoƙin Orchestre Poly-Rythmo na Kwatano, kuma William Onyeabor na Enugu ya samu sababbin masu sauraro a duniya a 2013. Kasuwar ta farfaɗo har a 2022 faifan roba ya fi CD yawan adadin da aka sayar a Amurka, karo na farko tun 1987.

Wajen ciniki, gwani ba ya bari fuskarsa ta nuna ya tsinci dami a kala. Wannan dabara ce ta kowace kasuwa, kodayake ina ganin akwai bambanci tsakanin iya tayi da cutar magajin da bai san darajar abin da ubansa ya bari ba. Mai sayarwa ma da tasa dabarar: wasu kan shafe faifai da mai don ya yi ƙyalli. Gwani kan sansana, ya ajiye, ya ɗauki wanda ya yi butu-butu da ƙura. Shi wannan, ruwa mai tsabta da ƙyalle mai laushi za su fitar da shi, a goge ana bin zagayen kwarin, a bar shi ya bushe a inuwa, sannan a jera shi a tsaye, ba a kwance wani kan wani ba.