Yadda Akta Ke Komawa Bos, da Abin da Tarihin Jega Ke Faɗa a Kai

A shagunan gem na Jega da Aliero da Maiyama ƙwallo ce ke cin kasuwa, amma idan samari suka gaji da ita sukan juya kan Mortal Kombat. Duk wanda ya daɗe yana bugawa ya san Raiden, mai malfa da tsawa, wanda shekara da shekaru aikinsa shi ne kare duniyar mutane. A Mortal Kombat 11 da ya fito a 2019 sai ga shi da jajayen idanu, walƙiyarsa ma ta koma ja, layar maƙiyinsa Shinnok na maƙale a ƙirjinsa. Wasan ya buɗe ne da shi yana gana wa Shinnok azaba, daga ƙarshe ya fille masa kai. Ko wanda bai jin Turanci ya gane cewa akta ya soma komawa bos, don kala da sutura sun riga baki faɗa.

Wannan dabara ta jarumin kirki da ya lalace tana cikin abubuwan da masu ƙera irin waɗannan wasanni suka fi dogara da su, kuma dalilin a fili yake. Bos ɗin da aka haifa mugu tsoro kawai yake bayarwa. Wanda kuwa ka taɓa so, ka taɓa yaƙi a gefensa, idan ka zo kashe shi sai hannunka ya yi nauyi. Kamfanin Square na Japan ya gane haka a Final Fantasy VII na 1997. Akwai wurin da ake mayar da kai baya, ka shiga faɗa tare da Sephiroth lokacin yana gwarzon sojojin Shinra. Kai kana ta sara dodo ko gezau, shi sara ɗaya ko biyu ya gama da shi. Da lambobin da ke tashi a allo aka koya maka girmama shi. Bayan nan ya kulle kansa a ɗakin littattafai na ƙarƙashin ƙasa a Nibelheim, ya karanta asalinsa, ya fito ya banka wa garin wuta. Tetsuya Nomura da ya zana shi bai ma wahalar da kansa wajen sauya masa kama ba: baƙar riga da farin gashi da dogon takobi duk yana da su tun yana jarumi.

Amma a ganina ba a taɓa yin wanda ya kai Arthas ba, yariman Lordaeron a Warcraft III da kamfanin Blizzard ya fitar a 2002. Saurayi ne mai gashi ruwan zinariya, mai ɗauke da guduma, almajirin dattijo Uther, mai son talakawan ubansa tsakani da Allah. Annoba ta shigo ƙasar ta cikin hatsi, duk wanda ya ci sai ya mutu ya tashi gawa mai yawo. Arthas ya isa birnin Stratholme ya tarar an riga an raba hatsin. Sai ya yanke cewa a kashe mutanen birnin kafin su rikiɗe. Uther ya ce ba da shi ba, abokiyar tafiyarsa Jaina ma ta juya ta tafi. Abin da ya sa wurin nan ke tsaya wa mutane a rai shi ne ba kallo ake ba ka ba. Kai ne za ka rushe gidajen, kai za ka kashe mutum ɗari kafin aljani Mal'Ganis ya riga ka. Kana yi kana ba kanka haƙuri cewa ai babu wata mafita, wato hujjar Arthas ta zama taka.

Daga nan ya bi Mal'Ganis zuwa ƙasar ƙanƙara ta Northrend. Da sarki ya aiko a dawo da runduna, sai ya ƙone jiragen ruwan mutanensa don kada kowa ya koma, ya ɗora laifin a kan sojojin hayar da suka taya shi, ya sa aka kashe su. Sai bayan duk wannan ne ya ɗauki takobin Frostmourne mai cinye ruhi, gashinsa ya yi fari, sulkensa ya cika da ƙoƙon kai, ya dawo gida ya soke mahaifinsa Terenas a gadon sarauta. A lura da jerin. Mafi munin ha'incinsa ya yi shi ne da gudumarsa a hannu, da hankalinsa garau. Takobin ya zo ne ya tarar da aiki ya yi nisa.

A nan ne yawancin masu kwaikwayo suke faɗuwa. Sun ga takobi da farin gashi, sun ɗauka su ne sirrin. Sai a ƙirƙiro laya ko zobe ko tsinuwa, a rataya wa jarumi, a ce ga abin da ya ɓata shi. Wannan hanya ce ta wanke shi, kamar yadda a gida idan ɗa ya kangare uwa takan ce asiri aka yi masa, don ya fi sauƙin haɗiya fiye da a ce halinsa ne. Raiden mai jan ido bai ma daɗe ba: labarin ya murɗa lokaci ya shafe shi, aka dawo da Raiden na da mai tsabta. Masu wasan sun so su ba mu tsoro, ba su so su biya kuɗinsa ba.

Mutumin ƙasar Jega yana da abin da zai auna waɗannan labarai da shi, kuma ya fi su nauyi nesa ba kusa ba. Malam Abdussalami Ba'are ne, yana cikin manyan almajiran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ya janye jama'arsa daga matsin Gobir ya zauna a Gimbana. A 1803 mayaƙan Sarkin Gobir Yunfa suka afka wa Gimbana, suka kama mutane, suka bi da su ta kusa da Degel, jama'ar Shehu suka kwance su. Wannan rikici yana cikin abubuwan da suka kai ga hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804. Ke nan a kan jama'arsa wutar ta fara kamawa, ya kuma yi jihadin da shi tun daga tushe.

Bayan an ci nasara aka raba kula da ƙasa, Abdussalami ya ga abin da ya samu bai kai wahalarsa ba. An zaunar da shi a Kware, kusa da Sakkwato. Da Shehu ya rasu a 1817, Muhammadu Bello ya hau, sai saɓanin ya fito fili. Suka yi ta musayar wasiƙu. Abdussalami ya yi ƙorafin zalunci, har ya zana taswirar yadda aka kasa ƙasar tsakanin manya don ya nuna shi ba a ga nasa kason ba. Bello kuwa ya tuhume shi da haɗa kai da waɗanda ke yaƙar jama'a. Ƙarshenta aka yaƙi Kware, ta faɗi, shi kuma ya tsira da rauni ya rasu a Bakura ta ƙasar Zamfara a farkon 1818.

Ba ina cewa Malam Abdussalami bos ba ne, Allah ya kiyaye. Abin da nake nunawa shi ne yadda hoto ke samuwa. Mafi yawan abin da aka sani game da rikicin ya zo ne daga littafin da Bello da kansa ya rubuta, Sard al-kalam, wato wanda ya yi nasara shi ne mai zanen. Duk da haka Bello ya yi abin da masu gem da yawa ba sa yi: ya saka wasiƙun abokin hamayyarsa a ciki, ya bar mai karatu ya ji ƙorafin daga bakin mai shi. Babu takobin tsafi a wannan labari, babu laya. Akwai malami da ya ga an yi masa ƙwange a rabo, akwai sabon shugaba da ke tsoron daula ta wargaje a shekararsa ta farko, kuma kowannensu na da hujja daga littafi. Ruwa ba ya tsami banza, amma a nan tsamin bai fito daga waje ba.

Akwai kuma abin da gem ba ya iya ɗauka sam. Shi labarinsa a faɗan ƙarshe yake ƙarewa: bos ya faɗi, kiɗa ya tashi, sunaye su hau allo. Arthas ya mutu a ƙarin World of Warcraft mai suna Wrath of the Lich King, Lordaeron kuwa ta riga ta zama kufai. A ƙasar Gwandu ba haka aka yi ba. Ragowar jama'ar Abdussalami sun taru a Kalambaina, Abdullahi ɗan Fodiyo da Bello suka haɗu suka ci garin, haɗuwar da ta gyara tsakanin baffa da ɗa. Buhari ɗan Abdussalami kuwa ya sasanta da Gwandu, ya kafa Jega wajen 1820, kuma sarautar Sarkin Kabin Jega tana nan har yau. Gidan da aka yaƙa ya koma cikin daular, garinsa ya zama ɗaya daga manyan kasuwannin yankin.

Idan wata rana ɗaliban kwamfuta na jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero suka zauna ƙera wasa da jarumi irin namu, ba lallai su taɓa sunayen waɗannan bayin Allah ba, gara ma kada su taɓa. Ƙirar labarin ce abin ɗauka. A ba mai wasa jarumin tun ranar da aka ƙone garinsa, ya yi yaƙin da shi, ya zauna a wurin rabo ya ga kason da aka miƙo masa. Sannan a ɗauke shi a mayar da shi ɓangaren sarki, a ba shi wasiƙun ya amsa, a ba shi rundunar da za ta kewaye ganuwa. Rawani da riga su zauna yadda suke a ɓangarorin biyu, kada a ja wa kowa ido. Mataki na ƙarshe kuma a buga shi da ɗan wanda aka kashe, ranar da zai tafi neman sulhu da wurin da zai kafa gari.