Halittar Frankenstein a ajin Ingilishi na ƙasar Kurfai

Tun daga watan Maris na 2025, lokacin da kundin sabunta ƙasa ya mayar da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ya kuma ajiye Ingilishi tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki, tambayar abin da ya kamata ɗalibi ya karanta da Ingilishi ta ƙara nauyi. Yaron Abala ko na Filinge yana fara wannan harshe ne a shekarar farko ta koleji, bayan Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek na gida, da Larabcin allo, da Faransancin lakwal. Wanda ya kai lise da irin wannan kaya ya cancanci littafi mai nama, kuma Frankenstein, wanda Mary Shelley ta fitar a 1818, yana cikin waɗanda suka fi dacewa da shi, muddin ba a lalata shi wajen koyarwa ba.

Lalatawar tana farawa daga kalma guda. Da zarar malami ya kira halittar "dodo", ya riga ya yanke mata hukunci. Dodon tatsuniya mai cin mutane ne, ba ya da uba, ba ya da ƙorafi, aikin yaro ko Gizo shi ne ya yi masa wayo. Halittar Shelley kuwa yasasshiya ce: Victor Frankenstein ya haɗa ta, ya dubi fuskarta, ya gudu a daren da ta buɗe ido. Fim ɗin James Whale na 1931 ne ya cusa wa duniya siffar ƙato mai gurnani marar magana, siffar da har yau take rinjayar yadda ake gabatar da labarin.

A littafin asali, babu mai fasahar baki kamar wannan halitta, kuma yadda ta sami bakin shi ne abin da ya fi shafar ɗalibinmu. Ta ɓuya a wata rumfa da ke jingine da gidan iyalin De Lacey, tana leƙe ta wata kafa, tana sauraron Felix yana koya wa Safie, ɗiyar wani attajiri Baturke, harshen gidan. Harshen nan Faransanci ne. Wato ɗalibin Abala zai karanta da Ingilishi labarin wani da ya tsinci Faransanci daga bayan bango, da fatan in ya iya shi za a karɓe shi. Ya iya, ya shiga, ya yi magana da tsoho makaho wanda ya saurare shi, sai masu ido suka dawo suka kore shi da sanda. Bugun da aka sauƙaƙa domin masu koyo, irin na Oxford Bookworms mai kalmomi 1,000, yana da amfani, amma taƙaitawa ba ta iya ɗaukar dukan wannan ɗaci. Gara malami ya karanta surorin nan daga asali, ko da shafi biyu ne, a hankali.

Ƙasar Kurfai ma ba baƙuwa ba ce ga zancen aro muryar mai iko. A wajajen 1925, a garin Shikal, wata mata mai suna Shibo ta fara hawan iskokin da ake kira Babule ko Hauka, masu kwaikwayon tafiya da umurnin sojan Nasara, har hukumar mulkin mallaka ta kame mabiyanta. Jikokin mutanen nan ba sa bukatar dogon bayani kafin su gane abin da halittar take nema a bayan bango.

Ƙanƙarar arewacin duniya da duwatsun Suwis ba su da wuyar bayani. Hoto guda ya isa. Batun tsoro ne ke bukatar lura. A yankin da ya karɓi ƴan gudun hijirar Mali tun 2012, inda kuma rashin tsaro ya rufe makarantu da dama a jihar Tilaberi, akwai yara a aji da suka ga gawa da idonsu. Kisan William da rataye Justine, wadda aka ɗora wa laifin da ba nata ba, ba abin nishaɗi ba ne gare su, kuma malami ne kaɗai ya san wane benci ne zai yi shiru in an zo wurin.